Yadda Taubashina Ya Bar Ni a Hanyar Mokwa

Ni da ɗan kawuna gida ɗaya muka tashi a Ƙofar Atiku, cikin garin Sakkwato. Mahaifinsa yayan mahaifiyata ne, don haka taubashina ne, kuma tun muna yara babu abin da bakinsa bai taɓa faɗa mini ba da sunan wasa. Na ɗan girme shi, amma shi ne mai baki. In muka yi ɓarna tare, shi yake tsara labarin har manya su shagala da dariya su manta da bulala. Da muka girma ya zama tela, ni kuma na koyi gyaran firiji, sana'ar da ba ta yankewa a gari mai zafi irin namu. Na yi aure na koma Gidan Dahala, amma da wuya rana ta fito ta faɗi ban leƙa shagonsa ba.

Ni na koya masa babur. Da wani tsohon babur na mahaifina muka fara, wanda sai an tura shi yake tashi. Da kowa ya samu nasa, muka ɗauki al'adar fita duk ranar Lahadi. Da farko iyakarmu Kwalkwalawa, mu ci kifi a bakin gada mu dawo. Sai abin ya yi ta miƙewa. Muka je Wurno da Goronyo, muka je Argungu, muka tsallaka Illela zuwa Ƙonni, har wata shekara muka dangana da Kano muka kwana biyu muka juyo. Baburanmu ba wasu na musamman ba ne, irin waɗanda 'yan kabu-kabu, wato masu acaɓa, ke neman abinci da su ne, shi ya sa mutanen unguwa suke cewa wahala ce kawai muke saya da kuɗinmu.

Ba su yi ƙarya ba, akwai wahala. In tafiya ta yi nisa yatsu kan mutu a kan kan babur, baya ya ƙage, idanu su yi jajir, kwalta ta riƙa yin kamar an zuba mata ruwa daga nesa. Amma akwai lokacin da jiki kan gaji da ƙorafi ya yi shiru, ya rage daga kai sai ƙarar inji da hanya. Wannan nake nema duk sanda na fita. Kuma ina son in kalli madubi in hango fitilar taubashina a bayana. Akwai ranar da sarƙarsa ta tsinke a hanyar Tawa ta ƙasar Nijar, inda babu gida gaba babu gida baya. Na kwance igiyar kayana na ɗaure babur ɗinsa da nawa, na ja shi a hankali har muka shiga gari. Yana baya yana yi mini waƙar jaki da kaya, ina gaba ina dariya.

Duk yawon nan babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Shi ya fara kawo maganar, muna zaune a bakin gadar Kwalkwalawa da rani, ruwan gulbi ya ja baya har ana takawa da ƙafa. Ya ce kunya ce a ce mun tsufa iyakar ruwan da muka sani ke nan. Daga ranar muka ƙudura sai mun hau babur daga Sakkwato har Legas. Mun daɗe muna shiri. Muka sabunta tayoyi, muka sayi hular kwano mai kyau, shi kuma ya ɗinka mana riguna masu kauri iri ɗaya. Muka yi ta tambayar direbobin manyan motoci yadda hanyar take. Duk suka ce mana abu ɗaya: hanya ta fara lalacewa da miyagun mutane, kada mu yarda la'asar ta same mu a daji.

Mahaifiyata ba ta so tafiyar ba. Da muka je yi mata sallama ta yi mana addu'a mai tsawo, sannan ta kama hannun ɗan yayanta ta ɗora a kan nawa.

"Ga ɗan'uwanka nan," ta ce masa. "Amana ta. Yadda kunka tahi tare ku dawo min tare."

Ya yi dariya ya ce ta kwantar da hankalinta, ko a aljihu ne zai sako ni ya dawo da ni.

Bayan sallar asuba muka ɗauki hanya. Muka wuce Boɗinga da Tambuwal da sanyin safiya, muka karya kumallo a Jega, muka isa Yawuri rana ta take. A wani gidan mai a Yawuri muka ci karo da wasu mahaya, wajen su goma, a kan manyan babura irin waɗanda sai a waya muke gani. Mutanen birni ne, sun zagayo arewa za su koma Legas, kuma wata a-kori-kura tana biye da su da kayansu. Shugabansu wani Alhaji ne matashi, mai fara'a. Da ya ji daga inda muka fito da inda muka nufa a kan waɗannan ƙananan baburan, sai ya riƙe baki, ya kira sauran su zo su gan mu. Suka yi ta ɗaukar hoto da mu. Ni ba gwanin magana ba ne, na koma gefe ina duba baƙin mai. Kafin in gama, taubashina ya riga ya saye su da labari.

Ɗaya daga cikinsu zazzaɓi ya kama shi, ba ya iya tuƙi. Suna shawarar yadda za a ɗora babur ɗinsa a mota, ga nauyi ga kaya cike, sai taubashina ya ce shi zai iya tuƙa shi. Aka ba shi ya zaga gidan man, ya zaga lafiya. Nan take aka ɗaga nasa ƙaramin aka cusa a bayan a-kori-kura, mara lafiyan ya shiga gaba. Na ja shi gefe na ce masa ni fa ba zan iya gudun mutanen nan ba. Ya ce ba gudu za su yi ba, kuma shi zai riƙa tsayawa a baya tare da ni. Idonsa na kan babur ɗin yake maganar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla.

Muka kwana a Kwantagora tare da su. Washegari da muka fita, alkawarin tsayawa a baya bai wuce bakin gari ba. Su abin da suke kira tafiya a hankali, ni shi ne ƙarshen ƙarfin injina. Na murɗa har babu sauran abin murɗawa, ina ganinsu suna ƙanƙancewa a gabana. In sun tsaya shan ruwa, ina isowa suna tashi, ni da babur babu mai hutawa. Hantsi ya gota muna tsakanin Kwantagora da Mokwa na ji wata ƙara daga ƙasana kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Tayar baya ta ciza, na matse kuloci na gangara gefen titi. Inji ya buga.

Na daɗe a tsaye kafin taubashina ya juyo. Shi kaɗai ya zo, a kan babban babur ɗin nan, bai ma kashe shi ba. Ya ɗaga gilashin hularsa ya dubi injin yana hayaƙi.

"Zamna nan, kak ka gusa," ya ce. "Suna gaba kaɗan suna jirana. Yanzu in sa a sauke kaya, motar ta dawo ta ɗauke ka."

Na ce to. Ban roƙe shi ya tsaya ba, don ban ga dalilin roƙo ba. Na tura babur ƙarƙashin wata ɗorawa na zauna.

Wayata babu sabis a wurin. Na yi azahar da ruwan gorata. Duk motar da ta ɓullo daga kudu sai in miƙe, ta wuce in koma in zauna. Ban zarge shi da komai ba a lokacin, tsoro ma nake kada wani abu ne ya same su a gaba. Da inuwa ta fara tsawo sai motoci suka ɗauke, hanyar ta yi tsit, na tuna gargaɗin direbobi.

Wani dattijo Banufe ne ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa ya same ni. Hausarsa kaɗan ce, amma ta isa ya fahimtar da ni cewa ba a kaiwa yamma a wannan wurin, an sha kwashe matafiya a nan. Na ce ɗan'uwana nake jira. Ya dubi hanya, ya dube ni, ya kama kan babur ɗin ya fara turawa. Na bi shi ta wata siririyar hanya har ƙauyensu. Kafin mu bar titi sai da na ɗaura ƙyalle a reshen ɗorawar, na ja kibiya a ƙasa, don kada motar ta zo ta rasa ni. Matarsa ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, suka ba ni tabarma a zaure.

Da gari ya waye dattijon ya kai ni kan wani tudu inda mutanen ƙauyen ke zuwa yin waya. Na kira taubashina ya ɗauka, ina jin hayaniyar birni a bayansa. Sun kwana a Ilori. Ya ce wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa, ya roƙi mutanen nan kamar zai yi kuka, suka ce motarsu ba za ta koma baya ba, masu kuɗi ba su da imani. Shi kuma babur ɗin mutane na hannunsa, nasa na cikin motarsu, ba shi da yadda zai yi. Ya ce in lallaɓa in koma gida, kada in wahalar da kaina, wata shekarar ma sake zuwa tare.

Na yarda da shi. Raina ya ɓaci, amma da Alhajin nan da mutanensa ya ɓaci. Dattijon ya tsayar mini da wata babbar mota mai ɗauke da doya za ta arewa, aka ɗaga babur aka ɗaure a sama, na zauna a gefensa. Haka na shigo Sakkwato a kan doya, da rigata mai kauri da hular kwano a cinya. Matata ta buɗe ƙofa ta gan ni, ba ta tambaye ni komai ba sai da ta ɗora mini ruwan wanka.

Bayan mako guda taubashina ya dawo, wayarsa cike da hotuna. Ya zo har gida da tsaraba: ruwan teku a gorar lemo. Ya ce tunda ban je ba, ga teku ta zo gaishe ni. Na karɓa na yi murmushi. A majalisarmu ta ƙofar shagonsa kuwa labarin ya canza kama. Ya ce injina lafiyarsa ƙalau, daji na gani ya yi duhu, itatuwa sun fi na Sakkwato tsawo, sai cikina ya ɗuri ruwa na ce gida za ni. Yana yi yana kwaikwayon muryata, mutane na faɗuwa don dariya. In na buɗe baki zan gyara zancen, sai a ce haba, wasan taubashi ne, wa yake fushi da taubashinsa? Har masu shayi suka koma gaishe ni da ina labarin daji. Na haɗiye. Na sa aka sauke injina aka sake fistin da ringi, muka ci gaba da fita ranar Lahadi, ko da yake yanzu hirar duk ta teku ce.

Da damina ta wuce, mahayan nan suka sake zagayowa arewa, suka biyo ta Sakkwato. Taubashina ya yi ta rawar jiki, ya shirya musu cin kifi a Kwalkwalawa. Bai gaya mini ba, a bakin wani na ji. Na je ne don in ga idon mutanen da suka bar ni a daji, ban shirya faɗa ba, so nake kawai su gan ni.

Alhajin na hango ni ya taso da fara'arsa, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Taubashina na can wajen masu suya ya ba mu baya.

"Malam, barka da arziki," in ji Alhajin. "Mace aka samu ko namiji? Ran nan mun yi ta yi wa maiɗakinka addu'a."

Na ce ban gane ba. Ya ce ai ɗan'uwana ne ya dawo ya gaya musu an yi mini waya matata na kan gwiwa, na samu motar da za ta mayar da ni Kwantagora, na ce su wuce kada su jira. Ya ce shi har ya umarci direba ya juya ya raka ni, ɗan'uwana ya ce babu buƙata, na riga na tafi. Na tambaye shi ko an gaya musu injina ya buga. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce da sun sani, ko kayansu ne da sun sauke sun ɗora babur ɗina.

Ni da matata mun haura shekara goma da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Taubashina ya fi kowa sanin wannan. Shi ya raka mu asibiti ba sau ɗaya ba, a gabansa na taɓa zubar da hawaye a kan maganar. Cikin duk ƙaryar da ke duniya, wannan ya zaɓa don kada a jinkirta masa tafiya.

Ban ci kifin ba. Na yi wa Alhajin sallama na hau babur na dawo gari. Washegari da safe na sami taubashina a shago shi kaɗai, yana kan keken ɗinki. Na zauna a benci na faɗa masa abin da na ji, ban ɗaga murya ba. Da farko ya yi dariya ya ce Alhajin ne bai fahimci Sakkwatanci ba. Da ya ga ban motsa ba ya ce wasa ne ya yi musu, bai zaci za su ɗauka da gaske ba. Sai kuma ya dakatar da keken.

"Da an juyo da motar, da sai an sauke nawa a sa naka," ya ce. "Na san in haka ta, sai a ɗauki babban nan a bar wa wani a Mokwa, ni in koma kan nawa. Ni kau ban taɓa hawan irinai ba, kuma na san ba ni ƙara samu. Na ce ai kai namiji na, ba ka rasa yadda kay yi."

Na tambaye shi, da miyagu sun ɗauke ni a wurin nan fa? Ya ce ai ga shi ba a ɗauke ni ba. Na tambaye shi me ya sa sai da matata. Ya sunkuyar da kai ya ce ita ce maganar da ya san babu mai yi masa gardama a kanta. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban jira ba. Na tashi na tafi wajen aikina, akwai firijin wani mai ƙanƙara da ke jirana.

Daga ranar na daina zuwa majalisa. Mahaifiyata ta lura, ta kira ni ta yi mini faɗa, ta ce zumunci ba riga ba ne da za a tuɓe don an ji zafi. Kawuna ma ya aiko. Ban so in faɗa ba, amma da ta matsa na ba ta labarin duka. Ta daɗe tana jan carbi. Daga baya ta ce in ci gaba da gaishe shi saboda Allah da saboda yayanta, sauran kuma ba za ta tilasta mini ba. Na ji an ce ta kira shi ɗakinta ta rufe ƙofa. Abin da ta gaya masa ban sani ba, amma labarin daji ya mutu a majalisa tun daga lokacin.

Na so in ɓoye wa matata, sai dai magana in ta shiga gidan dangi ba ta da marfi. Wata rana na dawo daga aiki na same ta tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe da ni ankai guzurin zuwa teku." Ta ci gaba da tsintarta. Wannan mata ita ce take ajiye wa taubashina ƙanzo duk ranar da ta dafa dambu, don ta san yana so.

Yanzu ni kaɗai nake fita, wani lokacin kuma da wani maƙwabcina, malamin makaranta ɗan Filato da aka haifa a nan, wanda bai cika magana ba. Mun je garinsu tare bara, muka sha sanyi da hawan duwatsu. Tafiya da shi babu dariya sosai, amma in na tsaya ya tsaya. Da taubashina kuwa muna haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin jana'iza, mu yi musabaha, ya tambayi aiki in tambayi iyali. Sau biyu ya gwada jefo mini wasa irin na da, ban amsa ba, ya bari.

Watannin baya matar taubashina ta haihu. Na ce wa matata in ba ta son zuwa suna babu wanda zai ga laifinta. Ta ce jaririyar ba ta yi mata komai ba. Ta sayi turmin atamfa da sabulu, ta yi kwalliya, na kai ta Ƙofar Atiku a babur. Ni na zauna a waje cikin maza aka yi addu'a aka raba goro. Shi yana ta kai da kawo da baƙi, da ya zo kusa da ni ya miƙo mini goro da hannu biyu na karɓa. Ba a kai ga rabon abinci ba matata ta aiko a ce mini ta fito. A hanya ta ce yarinyar kyakkyawa ce, ta ɗauke ta har ta yi barci a hannunta. Sai ta ce in tsaya a kasuwa, babu albasa a gida.